Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Shigo Da Uban Jariri Daga Bakin Ƙofa

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Najeriya,

Na rubuto ne a kan wani mutum guda da tsarinmu na kula da jarirai ya bari tsaye a waje, wato uban jariri. Duk wanda ya san harabar ɗakunan haihuwa a Kano ko Katsina ko Azare ya san inda ake samunsa. Yana gindin darbejiya ko kan babur ɗinsa, yana jiran a leƙo a miƙo masa takardar magani, ko a ce ya je ya nemo jini. Idan an sauka lafiya a yi masa barka, ya biya abin da aka ce ya biya, ya ɗauki iyalinsa ya tafi, ba wanda ya zaunar da shi ko na minti goma ya gaya masa abin da zai sa wa ido a jikin wannan ɗan mutum da zai kwana da shi a gida ɗaya. Ina ganin wannan giɓi yana cin rayuka, yana kuma rage wa waɗanda suka rayu wani rabo na girma da basira, kuma toshe shi yana cikin abubuwan da ofishinka zai iya ba tare da jiran wata sabuwar doka ba.

Alƙaluman ka fi ni saninsu, amma zan jera kaɗan domin masu karatu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 132 zuwa 110, abin a gode wa Allah, amma ta sababbin haihuwa tana a 41, ba ta sauko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta daɗe tana faɗin cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, a makon farko suke mutuwa. A wajen Bahaushe wannan mako yana da suna, shi ne kwana bakwai tsakanin haihuwa da raɗin suna. A cikin waɗannan kwanaki ne al'ada ta fi ɗora wa uba hidima: rago, goro, kayan ƙauri, itacen wanka, atamfar fitar suna, sanar da dangi na kusa da na nesa. Yana kai da kawowa dare da rana saboda jaririn, alhali jaririn yana cikin mafi haɗarin kwanakin rayuwarsa, kuma ba a taɓa koya wa uban cewa ƙin kama nono, ko numfashi da sauri, ko sanyin jiki, ko rawayar tafin hannu da ƙafa, ko cibiya mai ja da wari, alamu ne na a tashi yanzu-yanzu ba sai gari ya waye ba. A Arewa maso Yamma, inda binciken 2018 ya samu kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi a asibiti, yawancin jarirai ma ba ma'aikacin lafiyar da ya gan su a wannan mako. Idon da ke kansu na mutanen gida ne.

Ranka ya daɗe, wanda zai ce a bar maza a gefe domin harkar jego ta mata ce ya manta cewa namijin yana cikin harkar tun asali, ta ƙofar da ta fi kowace nauyi, ƙofar yanke shawara. Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka fayyace jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Abin da ke kashe jarirai ma bai wuce nan ba. Na farko da na biyu, a yawancin gidajenmu, a hannun maigida suke, domin izinin fita nasa ne, kuɗin mota nasa ne, babur ɗin ma nasa ne. Binciken 2018 ya samu cewa kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure a ƙasar nan ke da ta cewa a shawarar da ta shafi lafiyar jikinsu. Ke nan muna tara mata ranar awo, mu yi musu bayani mai kyau a kan alamun haɗari, su koma gida da ilimin, sannan ikon aiki da shi yana wurin wanda bai ji ko kalma ɗaya ba. Kai kanka ka ga wannan a yaƙi da shan inna. Lokacin da kake jagorantar hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008, ba ƙarancin maganin ɗigo ne ya fi hana ruwa gudu ba, maigidan da ya tsaya a zaure ya ce ba za a shiga ba ne. Da aka jawo sarakuna a 2009 ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, aka bi ta hakimai da dagatai da masu unguwanni har maganar ta isa kunnen magidanta daga bakin waɗanda suke jin nauyi, masu kamuwa da cutar suka sauko daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010. Darasin da aka koya a kan ɗigo biyu a bakin yaro bai kamata a bar shi a can ba.

Sai dai ba na so a tsaya a kan uba a matsayin mai ba da izini kawai, domin abin da jariri ke samu a hannun mahaifinsa ya wuce haka nesa. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sama da mahaɗa miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke ƙarfafa waɗannan mahaɗai shi ne amsa-amsa tsakaninsa da babba: ya yi gwaranci a mayar masa, ya kafa ido a kalle shi, ya yi kuka a ɗauke shi. Jariri ba ya tambayar ko hannun na mace ne ko na namiji. A 2008 Anna Sarkadi da abokan aikinta a Suwidin sun tattara rahotanni 24 na binciken da ya bi yara tsawon shekaru, 22 daga ciki suka nuna cewa yaran da ubanninsu ke hulɗa da su kai tsaye sun fi dacewa ta fuskar ɗabi'a ko natsuwar rai ko fahimta. Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jikin namijin ma yana sauyawa. A birnin Sebu na ƙasar Filifin, Lee Gettler da abokansa sun bi samari 624 fiye da shekara huɗu, suka wallafa a 2011 cewa sinadarin testostiron ya ragu sosai a jikin waɗanda suka zama ubanni, ya kuma fi raguwa a wurin masu shafe awa uku ko fiye a rana suna hidimar yaro. Binciken Ruth Feldman ya nuna sinadarin oksitosin, wanda ake dangantawa da shaƙuwa, yana hauhawa a jikin uba gwargwadon taɓawa da wasan da yake yi da jaririnsa. Ma'anar wannan a fili take. Allah ya halicci namiji da shirin reno a jikinsa, kuma ɗaukar yaron ce ke tayar da shirin. Uban da aka ce ya jira sai yaro ya yi wayo kafin ya kusance shi, an hana shi lokacin da shaƙuwar ta fi saurin kamawa.

A kan shayarwa da ɗumin jiki kuwa, hujjar ta fi kusa da aikin ma'aikatarka na yau da kullum. Shayar da nono zalla na wata shida ta tsaya a kashi 29 cikin 100 a ƙasar nan, kuma kowa ya san inda gizo ke saƙar: ruwan da ake ɗura wa jariri don kada ƙishi ya kama shi, dakashin da ake matsewa a zubar don wai ƙazanta ne, jiƙe-jiƙen da ake ba shi tun kwanan farko. Yarinya mai haihuwar fari ba ta da bakin musa wa uwar mijinta ko gwaggonta a kan waɗannan, amma mijin yana da shi, cikin ladabi, idan ya san dalili. A birnin Nafuli na Italiya an gwada wannan a kan ma'aurata 280, aka wallafa a 2005. Rabin mazan an koya musu matsalolin shayarwa da yadda ake shawo kansu, rabin ba a koya musu ba. Da aka kai wata shida, kashi 25 na matan rukunin farko suna shayar da nono cikakke, na biyun kuwa kashi 15. Haka batun bakwaini. Dabarar ɗora jariri tsirara a ƙirji a lulluɓe, wadda Dakta Edgar Rey ya fara a Bogota a 1978 saboda ƙarancin kwalabar reno, an sake gwada ta a ƙasashe biyar har da Najeriya, a Ile-Ife, aka wallafa a 2021 cewa fara ta nan take ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Dabarar tana son awanni masu yawa a kowace rana, kuma macen da aka yi wa tiyata ko ta zubar da jini ko ta haifi tagwaye ba za ta iya ita kaɗai ba. Ƙirjin uba yana da ɗumi. Wani ƙaramin bincike a Suwidin a 2007, a kan jarirai 29 da aka ciro ta tiyata, ya samu cewa waɗanda aka ɗora a ƙirjin ubanninsu sun daina kuka sun natsu da wuri fiye da waɗanda aka kwantar a gado. Wannan magani ne da ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma yana zaune a gindin darbejiya yana jira.

Gwamnatin Tarayya ta yi abin yabo a watan Satumban 2021 da ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu, sau ɗaya a shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Legas ta riga ta da kwana 10 tun 2014, Inugu ta bi da mako uku a 2015. Amma Dokar Ƙwadago ta yi maganar hutun haihuwa na mako 12 ga mace, ba ta ambaci uba ba, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis mai takardar ɗauka suke yi ba. Manomi da mahauci da ɗan adaidaita da ɗan cirani ba su da wanda za su rubuta wa takardar neman hutu. Wurin da hannun hukuma ke iya kai wa gare su shi ne ƙaramin asibitin unguwa, kuma shi yana ƙarƙashin kulawarka.

Na san za a ce kunya. Gaskiya ne akwai ta, kuma ba abin rainawa ba ce. Alkunyar ɗan fari, da goyon ciki inda mace ke komawa gidan iyayenta ta haihu, da wankan jego a hannun tsofaffi, duk Baba ta Karo ta bayyana su a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954, kuma suna da hikimarsu. Sun tanadar wa mai jego hutu da ciyarwa da hannayen gogaggun mata. Amma al'adar ta ginu ne a kan babban gida mai kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa a tsakar gida ɗaya. Yau dubban ma'aurata suna zaune a ɗaki da falo na haya a Kano da Kaduna da Abuja, tsohuwa ta zo ta yi mako biyu ta koma, a bar yarinya 'yar shekara goma sha tara da jariri da miji wanda aka koya wa cewa ɗaukar jinjiri ba girmansa ba ne. Hannayen da al'ada ta dogara da su sun ragu, haramcin da ta ɗora wa namiji kuwa yana nan. Sannan kunyar nan ba addini ba ce, kuma malamanmu sun fi kowa sanin haka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne. Yakan taka har unguwannin tudun Madina don ya ɗauki ɗansa Ibrahim a gidan mai shayar da shi, gidan cike da hayaƙi saboda maigidan maƙeri ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ta kuma sanya yaye ya zama da yardar su biyun da shawararsu. Wanda aka umarta a yi shawara da shi a kan nono ba baƙo ba ne a ɗakin jego. Uban da ya karɓi jariri ya yi masa huɗuba a kunne ya riga ya ɗauke shi sau ɗaya, abin da ake nema kawai kada wannan ya zama na ƙarshe.

Wani zai ce yawancin hujjojin nan daga Turai suke, kuma mai yiwuwa ne uban da ke wasa da ɗansa dama shi ne mai ilimi da abin hannu, don haka ba wasan ne ya gyara yaron ba. Wannan suka tana da ƙarfi a kan binciken da ke bin mutane yana kallo kawai, shi ya sa na kawo na gwaji. Akwai kuma na kusa da gida. A Ruwanda an raba ma'aurata 1,199 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka sa rabi a zaman tattaunawa na shirin Bandebereho, sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna ƙarin zuwa awo, ƙarin hannun maza a hidimar yara, da raguwar dukan mata da yara. A Damagaram kuwa, cikin Hausawa 'yan'uwanmu, tun 2008 aka kafa makarantun mazaje da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta da ake ganin mutuncinsu ke zama su tattauna lafiyar iyali tare da ma'aikatan asibitin garinsu. An fara da goma sha ɗaya, abin ya bazu a faɗin Nijar, wasu ƙasashen yankin suka kwaikwaya. Harshensu namu ne, addininsu da kunyarsu ma haka, tsakanin Damagaram da Daura kuma ba wata tafiya ba ce.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta uku, kuma ina roƙon ka ba ta nauyinta. Shigo da maza yana iya komawa sabuwar igiya a wuyan mata. An gani a wasu wurare a Yuganda da Tanzaniya da Malawi, inda kiran a zo awo da miji ya rikiɗe a hannun ma'aikata ya zama sharaɗi, aka riƙa mayar da wadda ta zo ita kaɗai ƙarshen layi ko a kore ta. Wa wannan zai fi cutarwa a wurinmu? Bazawara mai ciki, da matar da mijinta ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, da wadda 'yan bindiga suka kashe mata miji a Zamfara, da wadda asibiti ne kaɗai inda take iya faɗin abin da ke damunta ba tare da tsoron wanda ke dukanta ba. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 a kan shigo da maza ta zo da ƙaidi, cewa a yi shi ta yadda zai kiyaye zaɓin mace da ikonta a kan kanta. Don haka a rubuta shi ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'ida: macen ce za a tambaya ko tana son a kira shi, ba za a fifita wata a layi don ta zo da miji ba, kuma za a ci gaba da ganin kowace mace ita kaɗai a wani ɓangare na awonta. Ɗakin haihuwa mai gado shida ba labule ba wurin mijin kowa ba ne, domin matan wasu suna ciki, ba na kuma neman a shigar da shi can. Benci a baranda ya isa a yi masa magana.

Batun talauci da ƙarancin ma'aikata ba zan ja shi da nisa ba. Mai neman na cefane ba zai bar kasuwa ya yini a asibiti ba, ungozomar asibiti guda mai duba mata sittin kuma ba ta da sauran numfashi. Amma abin da ake nema mintoci ne, a lokutan da uban dama yana wurin, kuma ba dole sai ungozoma ba. Akwai ma'aikatan lafiya na al'umma maza da yawa a ƙananan asibitocin Arewa, akwai kwamitocin ci gaban mazaɓu, akwai jami'an shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018 masu bin gida-gida.

Abin da nake roƙo, Allah ya taimaki Minista, shi ne a sanya ganawa da uba cikin jerin ayyukan da kowane asibitin da ke cin gajiyar Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko zai yi, a kuma ɗaura ta a kan kalandar da mutane suka riga suka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego da jariri a cikin awa 24, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Na ukun ya faɗo a makon suna, na huɗun ya faɗo kusa da arba'in, lokacin da kuma ake fara allurar rigakafin cututtuka biyar. Kafin a sallami mai jego, a kira maigidan a nuna masa alamun haɗari a kati mai hoto, da boko da ajami, a sa ya ɗora jaririn a ƙirjinsa a gaban ma'aikaci ko sau ɗaya, a gaya masa dalilin ba jariri dakashi da hana shi ruwa, da cewa man cibiya na asibiti ya wadatar ba sai an gasa ba, a kuma gaya masa cewa yawan kuka da rashin barci da ƙin cin abinci a wurin mai jego ciwo ne da ake magani. Inda aka haihu a gida, mai unguwa da limamin da za su halarci suna su ne hanyar isar da katin, kamar yadda aka yi da shan inna, fastoci kuma a nasu ɓangaren. A ƙara layi ɗaya a rajistar asibiti da zai nuna ko an gana da uba, domin abin da ba a ƙirgawa a ma'aikata ba ya daɗewa. Sannan ka yi magana da takwaranka na Ƙwadago da gwamnonin Arewa a kan faɗaɗa hutun kwana 14 zuwa ma'aikatan jihohi da kamfanoni. Ana iya fara gwajin a ƙananan hukumomi kaɗan cikin waɗanda shirin rage mutuwar mata masu juna biyu na 2024 ya riga ya zaɓa, a auna shi shekara biyu, a buga sakamakon kowa ya gani.

Allah ya yi maka jagora, ya raya mana abin da muka haifa. Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa mai kishin lafiyar iyali